Lodi na Biyu

Da Tela ya san abin da lodi na biyu zai kawo masa, da ya bar ƙofar gidansa cikin taɓo har ƙarshen rayuwarsa. Amma bai sani ba. Shi dai abin da ya dame shi, duk lokacin ruwa 'yar motarsa sai ta kafe tsakanin titi da get, matarsa kuma ta yi ta tsallake kududdufi da kaya a hannu.

Shi ya sa ya ƙudurta zuba tsakuwa a wurin, kuma ba da ka ya saye ta ba. Mutum ne mai fargaba, ko zare zai saya sai ya ja shi ya gani. Sau uku yana zuwa filin da ake sayarwa a bakin babban titi, yana damƙa yana murzawa, har mai tuƙa loda, injin da ke cika motoci a filin, ya gaji ya zaunar da shi.

"Tela, saurara. Wannan mulmulalliyar ta kogi ce. Kyau a ido, amma ba ta zama wuri ɗaya, kana takawa tana gudu. Wannan baƙar ta inji ce, mai kaifin baki, haɗe da garinta. In mota ta bi ta kai sau biyu sai ta cije juna kamar siminti. Ita kake so. Waccan farar da ke bayan waya kuwa ta masu furanni ce, kar ma ka kalle ta, za ta ɗaga maka jini."

Ya zaɓi baƙar. Da aka kawo lodin farko, sama duk ta inji ce. Sai da aka baza aka ga rabin ta ƙasa ta kogi ce. Kwana uku bayan nan matarsa ta fito da baho cike da wanki, tsakuwa ta gudu ƙarƙashin ƙafarta, ta faɗi a kan ƙugu. Tela na cikin gida ya ji ƙarar ƙashin.

Babban ɗansa, wanda ake kira Dogo, ma'aikaci ne a gidan burodi, shekararsa ashirin da huɗu, kuma zuciyarsa a kusa take. Washegarin faɗuwar uwarsa, direban da ya kawo lodin ya shigo layin da yashin wani maƙwabci. Ba-Birki ake ce masa, saboda irin tuƙinsa. Dogo ya fizgo shi daga kan tifa, ya yi ta kai masa naushi a baki har haƙori ya fita, mutane na riƙe shi yana fizgewa.

"Ka sake kawo mana irin wannan," Dogo ya ce da ƙarfi, "wallahi a cikinta zan binne ka!"

Duk layin sun ji. Ba-Birki ya tofar da jini, ya goge baki da gefen riga.

"Ni ɗauka kawai nake yi, ɗan'uwa," ya ce. "Amma daga yau na daina ɗaukar irinta."

Da yamma Tela ya je wajen mai filin, wanda kowa ke kira Oga. Oga ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya ce kuskuren yara ne, gobe za a kawo wani lodin mai kyau.

*

Kashegari Tela ya dawo daga asibiti wajen sha biyun rana. Ga tsakuwa an juye a ƙofar gida, tuli guda, baƙa wuluk. Tifar na tsaye gaba kaɗan, ƙofar direba a buɗe. Ya ɗauka Ba-Birki ya je neman ruwan sha.

Ya hau tulin har ƙololuwa. Ya damƙa, ya murza, ya tura hannu ciki har gwiwar hannu. Babu mulmulalliya ko ɗaya. Ya tsaya a sama yana auna wurin da ido, inda mota za ta bi, inda matarsa za ta taka in ta warke. Rabonsa da jin daɗi irin wannan tun kafin faɗuwarta. Ya jima a tsaye kafin ya sauko ya shiga ya tashi Dogo, wanda ke barcin gajiyar aiki.

"Tashi ka baza. Wannan karon ta gaskiya ce."

Kusan awa ɗaya Dogo yana bazawa, kafin Tela ya ji ihun wata mata. Ya fito da gudu. Dogo na tsaye da shebur a hannu, bakinsa a buɗe, ga ƙafar mutum ta fito daga cikin tsakuwa, da silifas a kanta.

Da aka tone, Ba-Birki ne. Bayan kansa a fashe.

Babu wanda ya tambayi komai. Wani ya ce, "Ai ya faɗa." Wani ya karɓa, "Da kunnena na ji." Kafin minti ashirin labari ya kai tashar tifa, direbobi suka zo, yayan mamacin na gaba, wanda shi ne ciyaman ɗinsu. Ciyaman ya durƙusa ya dubi fuskar ƙaninsa, ya miƙe, ya karɓi rodi daga hannun wani.

Dukan farko a hannun Dogo ya sauka. Tela ya sake jin irin ƙarar nan da ya ji daga cikin gida. Ya faɗa kan ɗansa, wani ya tokare shi da gwiwa a baki, ya ji gishirin jini. Ana shurinsu ta ko'ina. Wani ya ɗebo tsakuwar ya cusa wa Dogo a baki yana cewa, "Ci! Ba ita kake so ba?"

Wani sajan da 'yan sanda biyu ne suka kutsa suka ja Dogo cikin shagon mai walda da ke kallon gidan, suka rufe ƙofar ƙarfe. Fita da shi kuwa babu hali. Direbobi sun gindaya tifa a kowane bakin layi. Wani ya mirgino taya, wani ya ajiye jarkar fetur a gaban shagon.

*

A bayan layin akwai wani tsoho mai wasa wuƙaƙe, wanda ya yi shekara talatin yana bin sawun ɓarayin dabbobi kafin gwiwa ta zaunar da shi. Baba Mai Sawu ake ce masa. Tela ya isa wurinsa babu takalmi a ƙafa ɗaya.

"Baba, za su ƙona min yaro."

"Shi ya yi?"

"Ban sani ba," Tela ya ce, sai kuka ya ƙwace masa. "Barci na same shi yana yi. Amma ban sani ba."

Tsohon ya dube shi, ya ajiye wuƙar da ke hannunsa, ya ɗauki wani silin keke da yake nuna abu da shi.

"Gara da ka ce haka. Da ka rantse min, da ban tashi ba."

Da suka iso, tsohon ya wuce kai tsaye wajen Ciyaman.

"Ka gane ni?"

"Na gane ka, Baba. Kai ka nemo min injina da aka sace. Amma yau babu abin nema. Ga shi can a ciki."

"To ba ni zuwa faɗuwar rana. In shi ne, da bakina zan gaya maka, ko da ubansa na tsaye."

Ciyaman ya dubi jarkar, ya dubi rana.

"Tana taɓa saman wancan benen, zan kunna ashana."

Tsohon ya juya ga taron. "Ku kuma ku ja baya. Kun tattake wurin kamar an raba kyauta."

Ya zagaya tulin ta gefen da Dogo bai taɓa ba, a hankali, yana dafa gwiwa. Tela na biye da shi.

"Tela, ka taɓa ganin tifa tana juye? Manyan duwatsu su gangara gindi, gari ya tsaya tsakiya. Dubi nan. Haka take. Wanda ya tone tuli ya saka mutum ya mayar, sai ya haɗa manya da gari. Wannan tun da ta zubo babu hannun da ya taɓa ta, sai wani sawu guda da ya hau sama."

"Nawa ne," Tela ya ce a hankali.

Aka ɗaga tsohon ya leƙa bayan tifar. Can ƙurya kusa da kan motar akwai baƙin tabo mai faɗin tire, ya bushe, ya ja layi zuwa baki. Ya sauko ya durƙusa gaban gawar. Hannun dama a dunƙule yake. Da ƙyar ya buɗe yatsun. 'Yan duwatsu huɗu suka zubo, farare tas.

"Ka sayi irin wannan?"

"A'a, Baba. Ta masu furanni ce."

"To a inda take, can ya faɗi. Lodin nan da shi a ciki ya zo."

"Wa ya tuƙo motar, in haka ne?" Ciyaman ya ce. "Aljani?"

Tsohon ya miƙe. Ya koma ƙofar direba. A nan akwai sauran taɓon da tsakuwa ba ta kai ba, inda ruwan famfon gidan ke kwanciya. Sawu ɗaya ne a ciki, na takalmi mai rufi, kuma a tsakiyar dundunen akwai wani ɗan rami kamar an danna da ƙusa.

"Ƙaninka silifas ne a ƙafarsa," tsohon ya ce. "Wannan kuwa akwai dutsen da ya maƙale masa a tafin takalmi. Ya sauko nan, ya bi bakin kwata, ya hau kwalta. Daga nan ƙasa ta yi shiru."

Matar da ta yi ihu ɗazu tana leƙe ta get ɗinta. Tsohon ya yafito ta.

"'Yata, kin ga shigowar motar?"

"Ji na yi, Baba, ina wanke-wanke. Har na ce wa 'yata yau Ba-Birki ya shiryu. Ai in ya shigo layin nan, kaji ma sun sani. Yau kuwa a hankali ta shigo, kamar ƙwai aka ɗauko."

Wasu direbobi suka dubi juna. Ciyaman ya ce, "Ƙanena bai taɓa tuƙi a hankali ba, ko ranar da ya kai uwarmu asibiti."

*

Sajan ya bar yaransa biyu a ƙofar shagon, ya shiga tifar Ciyaman tare da tsohon da Tela. Direbobi shida suka ɗare baya da rodinsu.

Filin tsakuwar shiru. Tuli-tuli a jere, lodar na tsaye a gefe, ga ɗan ofis na kwano. Oga ya fito yana salati, ya rungume Ciyaman.

"Yanzu nake ji. Yaron kirki! Shekara tara yana tare da ni."

"Ranka ya daɗe, yaushe ya bar nan?" tsohon ya tambaya.

"Ban sani ba, Baba. Tun takwas na fita ganin wani mai gini. Ko lodin ban gani ba. Na bar shi da mai loda." Ya rage murya. "Ba na son zargi, amma makon jiya su biyun sun ba hammata iska a nan. Kuma tun da na dawo ban ga mai lodan ba."

Kamar an kira shi, sai ga mai loda ya shigo a kan babur, da wani baƙin tiyo a kafaɗa. Bai ma sauka ba suka yi kansa. Babur ya faɗi a kan ƙafarsa, wani ya buga masa rodi a haƙarƙari, wani ya kama wuyansa ya yi ta buga fuskarsa a kan tsakuwa. Tela ya runtse ido. Muryar Dogo yake ji a cikin ihun mutumin.

Sai da Sajan ya ɗana bindiga suka sake shi.

"Me na yi?" mai loda ya ce, jini na zuba daga girarsa. "Oga ne ya aike ni tun tara, wai tiyon loda na yoyo, in je can ƙarshen gari in sayo!"

"Ƙarya kake," Oga ya ce. "Yaushe na gan ka yau?"

"Faɗan makon jiya fa?" Ciyaman ya tambaya.

"Kan ƙwallo ne, Ciyaman! Ƙungiyarsa aka ci na yi masa dariya. Da yamma tare muka tafi gida!"

Tsohon ya bar su suna musu, ya nufi farar tsakuwar da ke bayan waya. Tela ya bi shi, yana duban rana. Ta fara karkata.

"Baba, a kan dutse ai babu sawu."

"Babu. Amma akwai ƙura. Dubi tulin nan, duk ya yi ja-ja, ƙurar titi ta hau shi. Yanzu dubi nan."

A gindin tulin akwai wani wuri mai faɗin tabarma, fari fat, yana ƙyalli. Tsohon ya tura silinsa ya ɗaga duwatsun sama. Ƙarƙashi a jiƙe yake, kuma ƙananan tururuwa sun yi baƙi a wurin, suna shiga suna fita.

"An wanke sama, an manta ruwa ƙasa yake tafiya. Su kuwa tururuwan nan jini suka biyo, ba a yi musu ƙarya."

"To wanene, Baba? Oga ko mai loda?"

"Tukuna."

Ya ci gaba da zagaya filin, kansa a ƙasa. Tela ji yake kamar ya ɗauke shi ya yi gudu da shi. A bayan ofis tsohon ya tsaya. Wani ɗan tuli ne a wurin, bai kai ƙugu ba, kala-kala, ja da fari da toka duk a haɗe. Maigadin filin, wani siririn mutum da aka taso daga gida, yana tsugune a inuwar kwano a tsorace.

"Maigadi, wannan shara ce?"

Duk da tsoro sai da mutumin ya yi 'yar dariya.

"Shara? Rufa min asiri, Baba. Harajin Oga ke nan. Duk motar da aka cika, kafin ta fita sai ya hau da kansa ya rage shebur goma, ya zubo nan. In ya taru ya sayar wa masu ƙaramin aiki. Ko zazzaɓi yake yi sai ya hau. Ran nan da ya yi targaɗe, ɗaga shi muka yi."

"In ba ya nan fa, wa ke ragewa?"

"Babu. Ba ya yarda da ƙirgen kowa. Shebur ɗin ma a ofis yake kulle shi."

Tsohon ya daɗe yana kallon saman tulin. Sannan ya ce, "Tela, kira min su duka."

*

Suka taru a bayan ofis: Oga, mai loda da aka jingina da bango, maigadi, Ciyaman da mutanensa, Sajan a gefe. Inuwar kwanon ta yi tsawo.

"Mai loda," tsohon ya ce, "baƙar tsakuwa mai gari, lodi nawa aka yi odar ta yau?"

"Ɗaya. Ta Tela. Rabon da a ɗauke ta tun wancan makon."

"Oga, ka ce ko lodin ba ka gani ba?"

"Na faɗa maka."

"To zo ka duba harajinka."

A saman ɗan tulin akwai baƙar tsakuwa sabuwa, ko ƙura ba ta hau ta ba. Tsohon ya ƙirga da silinsa, wuri-wuri, inda kowane shebur ya sauka. Goma cif.

"Wani ne ya zuba," Oga ya ce.

Direbobin suka yi wata irin dariya marar daɗi. Ɗaya ya ce, "Wa ya isa? Ni da na taɓa shebur ɗin nan sau ɗaya, kwana uku ba ka ba ni lodi ba."

Tsohon ya ɗaga wani dunƙule daga cikin goman. Garin dutsen ya daskare, gefe ɗaya a shafe sumul, da shatin bayan shebur a jiki.

"Kwana huɗu ba a yi ruwa ba. Busasshen gari ba ya dunƙulewa. Shebur ɗin a jiƙe yake lokacin da aka yi wannan. Mutum ya wanke shebur, sannan ya tura shi cikin ƙura? Sajan, a buɗe ofis."

Aka fito da shebur ɗin. Bakinsa babu ko ɗigon jini. Tsohon ya juya shi, ya zura silin keken cikin kwaroron da ƙota ke shiga, ya murɗa, ya zaro. Wani baƙin abu mai danƙo ya biyo silin, da 'yan gashi a jiki.

Tsohon ya juya ga Oga.

"Ka aiki mai loda," tsohon ya ce. "Ka buge yaron nan ta baya a gindin farar tsakuwa. Ka ɗauke shi da loda ka zuba a mota, ka rufe shi da tsakuwar Tela, don ka ji abin da ɗan Tela ya faɗa a gaban jama'a. Ka wanke ƙasa, ka wanke shebur. Duk ka yi daidai. Sai ka ga mota cike za ta fita daga filinka, hannunka ya ƙi. Da gawa a ƙarƙashin ƙafarka ka tsaya ka ƙirga goma. Ɗaga min dundunenka na dama."

Oga bai ɗaga ba. Ya fizge shebur ɗin daga hannun tsohon, ya kai masa sara. Tsohon ya kauce, bakin ƙarfen ya tsaga masa kafaɗa, ya zube. Tela bai san lokacin da ya rungumo ƙafafun Oga ba. Suka faɗi tare a kan tulin, Oga na dukansa da ƙota a gadon baya. Sai Ciyaman ya sauka a kansu. Naushi ɗaya hancin Oga ya baje. Na biyu, na uku, Tela ya daina ƙirgawa. Jini na fallatsa a kan tsakuwa kala-kala. Wani ya cire takalmin Oga na dama ya ɗaga sama: ga ɗan farin dutse a maƙale a tsakiyar dundunen.

"Shekara tara ina ciyar da shi!" Oga ke ihu, bakinsa cike da jini. "Ya zo yana nuna ni da yatsa, wai mace ta karye saboda ni, wai zai bi gida-gida ya faɗa ina haɗa ta kogi! A filina!"

Sajan ya harba bindiga sama sau biyu, ya tsaya a kan Oga da ƙafa a buɗe.

Tela ya rarrafa ya kama rigar Ciyaman.

"Yarona. Don Allah. Dubi rana."

Ciyaman ya ɗaga kai. Daga nan ba a ganin benen, amma sama ta yi ja. Ya laluba aljihu da hannu mai jini, ya ciro waya. Ta yi ta ƙara babu wanda ya ɗauka. Ya sake kira. Tela bai saki rigarsa ba. A kira na uku aka ɗauka, hayaniya na tashi daga can.

"Ku bar shi!" Ciyaman ya yi tsawa. "Ba shi ba ne! Duk wanda ya kunna wuta, ni zan saka shi a ciki!"

*

Da suka iso layin, ƙofar shagon a lanƙwashe take, ɗan sanda ɗaya na zaune a ƙasa riƙe da kai. An riga an kwarara fetur ta ƙarƙashin ƙofar. Aka ɓalle ta. Dogo na ƙurya a bayan injin walda, wandonsa sharkaf, hannunsa na lilo ta inda bai kamata ba.

"Abba," ya ce, "ban yi ba."

"Na sani."

"Ɗazu ba ka sani ba. Na ga idonka."

Tela ya durƙusa kusa da shi. Ya cire rigarsa ya ɗaure masa hannun.

Ciyaman ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Ya dubi hannun Dogo. Daga ƙarshe ya ce wa mutanensa su janye motoci daga hanya, ya ɗauki Dogo da kansa ya saka a gaban tifa. A asibiti ɗaya aka kwantar da shi da uwarsa, ɗaki biyu tsakaninsu.

Tela bai ƙarasa baza tsakuwar ba. Ya roƙi direbobi suka kwashe ta, ƙofar gidan ta koma taɓo, ya jera bulo shida don matarsa ta riƙa takawa da sandarta.

Bayan mako uku ya je gaida Baba Mai Sawu, wanda ke wasa wuƙa da hannu ɗaya, ɗayan a rataye. Suka yi ta zancen ciwo. Sai da Tela ya miƙe zai tafi sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Baba, ranar nan da ka buɗe hannunsa na dama, ni na hagun nake kallo. Farcensa duk baƙin gari ne, biyu sun karye. Kuma hannun sama yake kallo."

Tsohon ya ci gaba da goga wuƙa a kan dutse.

"Na gani."

"Na hau tulin nan, Baba. Na tsaya a sama ina murna, ban san iya lokacin ba. Na tura hannuna har nan. Da na ƙara tura shi kaɗan..."

"Mai yiwuwa tun a mota ya yi yaƙushin. Mai yiwuwa zubowar ce ta karya farcen."

"Mai yiwuwa kuma?"

Tsohon ya ajiye wuƙar.

"Tela, ni inda mutum ya taka nake gani. Lokacin da numfashi ya tsaya, ƙasa ba ta rubuta shi."

Tela ya tambayi likitan da ya duba gawar, ya ce tsakanin sha ɗaya ne da ƙarfe ɗaya, ba zai iya matsewa fiye da haka ba. An tambayi Oga a gaban alƙali, ya ce shi bai duba ba. An san wanda ya yi sara, an san da me, an san dalili. Ko Ba-Birki yana da rai lokacin da Tela ke tsaye a kansa, wannan har yau babu wanda ya sani.